Da a ce wuƙar ba ta kashe shi ba: ya mulkin yaron sarki azzalumi zai kasance?

"Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labarin wata masarauta ce da na ƙirƙira da kaina, sarkin yaro ne ɗan shekara 16, mugu ne na ƙarshe, har malamin da ya koyar da shi karatu ya sa aka kashe a gabansa. Uwarsa da waziri ne suke riƙe da ƙasar a zahiri, baitulmali ba komai sai bashi, sannan yana da wa ɗan uba da ke riƙe da sojoji a bakin iyaka. A labarin wasu manyan fada sun sayi ɗaya daga cikin dogaransa ya soke shi ya mutu. To yanzu masu karatu sun dame ni da tambaya wai da bai mutu ba ya mulkinsa zai kasance, ni ma ina so in rubuta hakan amma na rasa ta ina zan kama. Zai shiryu ne ko zai ƙara lalacewa? Kuma zai daɗe?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tambayarki ta yi min daɗi sosai, dan irin ta nake ba ɗalibaina a ajin tarihi idan ina so in gane ko sun fahimci yadda mulki yake tafiya ko haddace sunaye kawai suka yi. In na fahimce ki abu biyu kike nema, ɗaya halin yaron bayan ya tashi daga jinya, ɗaya kuma tsawon kwanan mulkinsa. Zan amsa duka, amma sai kin yarda mun ɗan ajiye yaron a gefe tukunna mun kalli mutanen da ke kewaye da shi, saboda yaro ɗan shekara 16 bai iya kashe kowa da hannunsa a fada, sai an samu mai kamowa, mai ɗaurewa, mai riƙe takobi, da mai biyan duk waɗannan. Ranar da mutanen nan suka ga zamansa ya fi mutuwarsa hatsari a gare su, to ranar mulkinsa ya ƙare, ko da bai sani ba.

Sarkinki ƙirƙirarre ne, amma yaran da aka ɗora a gadon sarauta suka tsallake tuggu suna nan da yawa a tarihi, kuma su ne kaɗai ma'aunin da muke da shi.

Wanda ya fi kama da naki

Komodus na Rum nake fara kawowa duk wanda ya yi min wannan tambayar. Ɗan sarki Markus Oriliyus ne, ya zama sarki shi kaɗai a shekarar 180 miladiyya yana da shekara 18. Wajen 182 yayarsa Lusila ta haɗa kai da wasu 'yan majalisar dattawa aka turo wani saurayi da wuƙa ya tare shi a ƙofar shiga filin wasa, sai saurayin maimakon ya soka ya tsaya ɗaga wuƙa yana faɗa masa wai majalisa ce ta aiko masa da wannan, kafin ya rufe baki masu gadi sun danne shi. Kinga wannan magana guda ɗaya ita ta shata sauran mulkin Komodus, domin an faɗa masa da baki su wa ke son ransa. Lusila aka kai ta tsibirin Kafri aka kashe ta a can, manyan majalisa aka riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su san an yi ba.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga labarinki shi ne abin da ya biyo baya. Komodus ya ja jiki daga mutane, ya daina yarda a gan shi kai tsaye, duk saƙo sai ta hannun mutum ɗaya. Na farko Ferenis, shugaban sojojin fada, shi ya riƙe ƙasa har 185 da sojoji suka yi ƙorafi a kansa sarki ya miƙa shi aka kashe. Sai Kiliyanda, wani 'yantaccen bawa, wanda ya mayar da muƙamai kayan sayarwa, shi ma wajen 190 da aka yi ƙarancin hatsi a birnin jama'a suka yi bore, sarki ya sa aka sare kansa dan a huce. Daga nan ne ya fito fili da kansa, ya sa wa birnin Rum sunansa, ya canza sunayen watanni zuwa laƙabansa, yana shiga fili yana kashe dabbobi jama'a na kallo. A daren ƙarshe na shekarar 192, ƙwarƙwararsa Marsiya da mai kula da ɗakinsa da shugaban masu gadinsa suka haɗa baki suka sa masa guba, ya amayar da ita, sai suka turo wani ɗan kokawa mai suna Narsisus ya shaƙe shi a wajen wanka. Yana da shekara 31.

Ki lura da nisan da ke tsakanin hari na farko da na biyu. Na farko a bakin ƙofa ne a bainar jama'a, na biyu a cikin ɗaki, daga mutanen da suke ba shi abinci. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi da kansa ya rage 'yan garin har suka koma mutum uku da za su iya shirya abu a dare ɗaya ba wanda ya ji.

Watannin farko bayan ya tashi

Yanzu mu koma kan naki. Kin ce dogarinsa ne ya soke shi, to wannan ya fi na Komodus muni a ƙwaƙwalwar yaro, saboda mutumin da aikinsa tsare shi ne ya ci amanarsa. Abu na farko da zai yi kafin ma raunin ya warke shi ne rusa dogaran nan gaba ɗaya. Ba zai tsaya tantance mai laifi da mara laifi ba, kuma ba zai maye gurbinsu da 'ya'yan manya ba, zai nemo waɗanda ba su da kowa a birnin, bayi ko baƙi daga wata ƙasa ko 'yan ƙauyen da ya ɗauko da hannunsa, mutanen da suka san in ya faɗi su ma sun faɗi. Richad na biyu na Ingila haka ya tara maharba daga yankin Cheshire suna bin sa ko'ina a ƙarshen mulkinsa, Ivan na huɗu na Rasha kuwa runduna guda ya kafa a 1565 masu baƙaƙen kaya, ba sa jin maganar kowa sai tasa.

Sai bincike. Dogarin za a azabtar da shi, kuma mutumin da ake azabtarwa duk sunan da ya ga ana son ji shi zai faɗa. A nan ne fadawa za su gane an buɗe musu kasuwa, duk mai jin haushin wani sai ya raɗa wa sarki cewa an ga wane yana magana da dogarin nan makon jiya. Manyan da suka shirya abin wataƙila mutum huɗu ne ko biyar, amma waɗanda za su mutu a kansa sai sun ninka haka sau da yawa. Wallahi wannan wajen ne nake so ki zauna ki ba shi haƙƙinsa a rubutu, domin yawancin rubuce-rubucen da ake kawo min in duba suna tsallake shi da layi biyu, a ce sarki ya fusata ya kashe mutane da yawa, shikenan a wuce. Ki nuna min matar wani hakimi da aka zo aka tafi da mijinta da asuba, washegari ta ga maƙwabcinsu sanye da alkyabbar mijin a kan dokin mijin, kuma dole ta gaishe shi.

Batun shiryuwa kuwa, gaskiya ban ga hanyarta ba a yadda kika gina shi. Wanda ya tsallake mutuwa darasi biyu ne a gabansa, ko ya ce na zalunci mutane shi ya sa suka neme ni, ko ya ce na yi musu sassauci shi ya sa suka samu dama. Kafin ya ɗauki na farko sai an samu wani da yake jin nauyinsa wanda zai zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya, kuma mutumin nan a labarinki malaminsa ne, ya riga ya kashe shi. Sannan ga wani abu da ke ƙara rura wutar, duk wanda ya shigo duba shi a gadon jinya zai ce masa Allah ne ya tsare shi saboda shi zaɓaɓɓe ne, ba mai iya taɓa shi. Yaron da dama bai san a ce masa a'a ba, yanzu ga tsoro ga kuma yaƙinin cewa ba ya mutuwa, su biyun a zuciya ɗaya.

Uwa da waziri

Su ne za su fi kowa asara, ko da ba su da hannu. Hujjar riƙonsu ita ce yaro ne kuma su suke kare shi, to ga shi an soke shi a ƙarƙashin kulawarsu. Wazirin ina ganin ba zai wuce shekara ba, ko a ce da saninsa aka yi ko a ce sakacinsa ne, duk ɗaya ne. Uwar ta fi wuyar taɓawa, amma ana iya mayar da ita wani gida can nesa da sunan hutu a hana kowa zuwa wajenta. Nero na Rum ya hau mulki a shekarar 54 yana ɗan 16 kamar naki, uwarsa Agrifina ce ta share masa hanya, amma a shekarar 59 shi ya sa aka kashe ta. Malaminsa Seneka kuma bayan tuggun kashe Nero da wani ɗan majalisa mai suna Fiso ya jagoranta, wanda aka bankaɗo a shekarar 65, aka aika masa ya kashe kansa.

Kuma kar ki ɗauka tafiyar waziri sauƙi ce ga talakawa. Shi ne ya san wa ake bin bashi, wane hakimi ake lallaɓawa, wace ƙasa ake aika wa kyauta dan a zauna lafiya. Yaron bai san ko ɗaya ba, bai kuma da haƙurin koya, dan haka zai miƙa komai ga wanda ya fi iya kwantar masa da hankali da daddare idan ya kasa barci. Irin Kiliyanda kenan. Ki ƙirƙiro wannan mutumin da kyau, shi ne zai zama jigon rabin labarin, kuma ba sai kin yi shi shaiɗani ba, ya isa ki yi shi mutum mai wayo da ya san ransa a hannun yaro mai taɓin tsoro yake.

Kuɗi, wanda shi ne ainihin amsar ko zai daɗe

Wannan ne wajen da na fi ba ƙarfi a aji. Kin ce baitulmali bashi ne, kuma yanzu ya ɗauki sabbin masu gadi da dole a biya su fiye da na da, tunda ba ƙauna ce ta kawo su ba. Ina kuɗin zai fito? Haraji yana ɗaukar lokaci kuma talakan da ba shi da shi ba shi da shi. Hanya mafi sauri ita ce dukiyar waɗanda aka kama da cin amana, gidajensu da gonakinsu da dawakansu su koma hannun sarki. A karon farko zai ga abin ya yi daɗi, ya huce haushi ya kuma biya albashi. To amma bayan wata shida albashi zai sake zagayowa, maciya amanar gaskiya sun ƙare, sai a fara duba wa ke da dukiya tukunna a nemo masa laifi daga baya.

Daga ranar da masu dukiya suka gane haka, biyayya ta daina amfani. Manya suna iya jure sarki mai kisa muddin sun san akwai layin da in ba ka taka ba ka tsira. Richad na biyu ya hau mulki a 1377 yana ɗan shekara 10, manyan ƙasa suka ƙasƙanta shi a 1387 da 1388 suka kashe na kusa da shi, ya haɗiye ya yi shiru kusan shekara goma, sai a 1397 ya rama, aka sare kan ɗaya, aka kashe baffansa a tsare a birnin Kale da ke gaɓar Faransa, aka kori wani. Duk da haka ba a tashi masa ba. Abin da ya kayar da shi shi ne a 1399 da wani baffan nasa, Jon na Gont, ya rasu, sai ya ƙwace gadon da ya kamata ɗansa Henri ya ci alhali Henri yana gudun hijira. Kowane mai ƙasa a Ingila ya ga in an yi wa gida mafi ƙarfi haka to nasa ba komai ba ne. Richad ya tafi yaƙi Ailan, Henri ya sauka Ingila da mutane kaɗan, kafin ƙarshen shekarar an tuɓe sarki, a farkon 1400 ya mutu a tsare.

Kinga Henrin labarinki yana nan zaune a bakin iyaka da sojoji. Yaron ba zai iya barin sa ba, domin duk wanda ya so kashe sarki dole yana da wanda zai ɗora, kuma kowa ya san wan ne. Zai aika masa ya zo gida a yi murnar samun sauƙi. In ya zo an kashe shi, in ya ƙi zuwa ya zama ɗan tawaye ko da bai taɓa niyya ba. Nero ya yi irin wannan kiran ga Korbulo, babban kwamandansa da ya yi masa aiki a gabas, ya zo aka ce ya kashe kansa, sauran kwamandoji suka ɗauki darasi, a shekarar 68 gwamnonin larduna suka tashi, aka yi wa sojojin fada alƙawarin kuɗi suka watse suka bar shi, ya kashe kansa yana ɗan 30. Shekara uku kacal bayan ya tsallake tuggun Fiso.

Dan haka in kin bar komai yadda kika faɗa min, ni lissafina shekara biyu zuwa huɗu ne. Komodus ya samu goma ne saboda ya gaji ƙasa mai ƙarfi daga ubansa kuma bai yi wasa da haƙƙin sojoji ba, naki kuwa bashi ya gada.

In kina so ya daɗe

Akwai hanya, amma sai kin ƙara masa wani abu da ba ki ambata ba, wato iya aiki. Murad na huɗu na daular Usmaniyya an ɗora shi a 1623 yana ɗan 11, uwarsa Kosem ke juya ƙasa. A 1632 sojoji suka yi bore suka kashe babban wazirinsa a gaban idonsa, daga nan ya karɓi mulki da hannunsa, kuma ya yi kisa ba kaɗan ba, har shan taba ya zama laifin da ake rasa rai a kansa. Amma ya gyara sojoji, ya fita yaƙi da kansa, ya ƙwato Bagadaza a 1638. Ba wanda ya kashe shi, ciwo ne ya ɗauke shi a 1640 yana ɗan 27. Mugunta tana nan, sai dai sojoji suna ganin nasara kuma ana biyansu. Ivan na Rasha ma yana ɗan 13 ya sa aka kashe ɗaya daga cikin manyan da ke juya shi, a 1543 kenan, ya kuma yi mulki har 1584 ya mutu a gadonsa, duk da kisan kiyashin da ya yi a birnin Novgorod a 1570.

Sai dai ki duba abin da suka bari. Murad ya kashe 'yan uwansa maza har saura guda ɗaya, Ibrahim, wanda ya girma a kulle yana jiran ranar da za a zo kashe shi, shi ya gaje shi kuma a 1648 aka tuɓe shi aka shaƙe. Ivan a 1581 ya bugi babban ɗansa da sanda cikin fushi ɗan ya mutu, sarauta ta faɗa hannun Fiyodo wanda ba shi da ƙarfin riƙe ta, da ya rasu a 1598 gidan ya ƙare, Rasha ta shiga yunwa da yaƙin basasa da masu da'awar sarauta na ƙarya har 1613. Azzalumin da ya daɗe yana cinye duk wanda zai iya gadonsa, dan haka in kin zaɓi wannan hanyar ki shirya rubuta rikicin bayansa, shi ma littafi ne guda. Ko gajeren ma bai tsira daga wannan ba, bayan Komodus wanda aka ɗora bai cika wata uku ba sojojin fada suka kashe shi suka sa sarautar a ciniki, shekarar 193 mutum biyar suka yi da'awarta.

Ni a nawa ganin yaron da kika siffanta, wanda ya kashe malaminsa dan jin daɗi kuma ya bar wa uwa da waziri wahalar mulki, ya fi kusa da Komodus nesa ba kusa ba. In kika mayar da shi Murad dare ɗaya masu karatu za su ji an yaudare su, sai dai in tun a littafin farko kin ɗan nuna yana da kaifin ƙwaƙwalwa ko son doki da yaƙi da za a iya ginawa a kai.

Iyakar abin da zan iya cewa

Tarihi ba ya maimaita gwaji, misali biyar ko shida ba doka ba ce, kuma zazzaɓi ɗaya ko faɗuwa daga doki na iya rushe duk lissafin da na yi miki. Sannan labarin waɗannan sarakuna yawanci maƙiyansu ne suka rubuta. Marubucin tarihi Kasiyus Diyo da muka fi dogara da shi kan Komodus ɗan majalisar dattawa ne, wato daga ajin mutanen da sarkin ya fi gallaza wa, alhali sojoji da yawa ba su ƙi shi ba, har sarki Seberus daga baya ya dawo masa da martabarsa. Wannan ma abin amfani ne gare ki, domin a ƙauyen da ke tafiyar kwana goma daga fada mai yiwuwa manomi bai san sarki mugu ba ne sai ranar da mai karɓar haraji ya zo sau biyu a shekara ɗaya, kuma mai yiwuwa ya ji daɗi da aka kashe hakimin da ya daɗe yana tatsarsa. Ki sa muryar irin wannan mutumin ko da sau ɗaya ne, labarin zai yi nauyi.

Kuma ban karanta littafin ba, sakin layi ɗaya kika ba ni. Abin da nake so ki koma ki duba shi ne waɗanda suka sayi dogarin, shin akwai wanda ba a san da hannunsa ba wanda zai iya tsallake binciken ya ci gaba da zama a fada yana gaida sarki kullum? In akwai, to ta bakinsa za ki ba da labarin, tun daga daren da aka fito aka ce sarki yana numfashi. In kin rubuta babin farko ki turo min in duba miki lissafin kuɗin da na sojojin, a nan ne aka fi samun giɓi.